Kiwon Tsakar Gida: Zomo ba ya jure yunwar wuni guda

 

Yau maganar zomo za mu yi. Na san wani zai ce ana fama da kuɗin kwastan da canjin sefa, wa ke ta zomo? To amma ku leƙa gidajen mutanenmu, daga Nima da Sabon Zango a Accra, zuwa Zangon Kwatano da unguwar Hausawa ta Yawunde. Da wuya ku zaga gida goma ba ku ga keji a lungu ba, an ɗora shi a kan bulo, da zomaye biyu ko uku na yaran gida. Dalilin a fili yake. Gidan haya ba ya ɗaukar akuya, kaza kuma takan jawo cacar baki da maƙwabta. Shi kuwa zomo ba ya kuka, ba ya cin wuri, yara na son sa, idan ya hayayyafa kuma a sayar a sayi littafi ko takalmin makaranta. A Ghana ma abin na da tarihi: a 1972, zamanin mulkin Kanar Acheampong, gwamnati ta kafa shirin kiwon zomo na ƙasa da cibiyarsa a Kwabenya, gefen Accra, don jama'a su riƙa samun nama a gidajensu.

Matsalar ita ce rayuwarmu ta tafiya ce. Maigida ya tafi saro kaya, uwargida na shago tun sassafe har bayan magariba, yara daga boko sai islamiyya. Ga biki, ga rasuwa, ga zuwa gida hutun Salla. Sai a zuba wa zomo dusa a kwano, a ja ƙofa, a ce ai kwana biyu ne kacal. A dawo a tarar da shi ya takure a kusurwa, ko ma ya riga ya mutu. Daga nan sai zargi: wai maciji ne, wai baki ne, wai matar ɗakin can ce ta sa masa guba. Gidaje nawa aka ɓata zumunci a kan haka, alhali yunwa ce ta yi aikinta?

Yadda cikin zomo yake aiki

Mu da muka taso da akuya da kaza mun saba da dabbar da za ta wuni ba ta ci ba, gobe ta ci ta ware. Kare da kyanwa ma haka, su ci sau ɗaya su kwanta. Halittar zomo daban take. Cikinsa kamar injin niƙa ne da ba a kashewa: abinci na shiga ta gaba, yana tura wanda ke ciki, kashi na fita ta baya, dare da rana. Lafiyayyen zomo yakan koma kan abinci sau talatin ko fiye a kwana guda, yana ci kaɗan-kaɗan, ya fi ci da yamma da dare da kuma asuba. Yakan zubar da ƙwayoyin kashi 200 zuwa 300 a kullum. Tumbinsa ba ya zama wayam, ko da yaushe akwai abu a ciki.

Abin da ke motsa hanjin nasa shi ne harza, wato zare-zaren nan masu kaushi da ke cikin ciyawa. A mahaɗar ƙaramin hanji da babba akwai wata babbar jaka, ku ɗauke ta kamar randar da ake tsima gasara a ciki. A nan ne ɗimbin ƙwayoyin bakteriya masu amfani ke zaune suna narkar da ciyawar. Su ma abincinsu daga abin da zomo ya ci yake fitowa. Daga wannan jaka zomo ke fitar da wani kashi na daban, mai laushi da yauƙi, a cure kamar 'ya'yan inabi, ya lanƙwasa ya cinye shi tun daga mafitarsa, yawanci cikin dare ko da sassafe. Kada yara su ga haka su ce ƙazanta ce su buge shi. Daga nan yake samun furotin da bitamin B da K.

Abu na biyu, zomo ba ya amai. Bakin tumbinsa a ɗaure yake tamau, duk abin da ya shiga sai dai ya bi ta ƙasa. Yana lasar jikinsa kamar kyanwa, yana haɗiye gashi, kuma ciyawa ce ke share gashin nan ta fitar da shi. Na uku, haƙoransa 28 ba sa daina tsiro har ya mutu. Na gaba sukan ƙaru da kamar milimita biyu a mako, tauna ciyawa ce ke goge su.

Kada kuma mu haɗa shi da zomon dawa da muka sani a farauta da tatsuniya. Wancan jinsinsa daban, 'ya'yansa da gashi ake haifar su, ido a buɗe, kuma duk dajin gonarsa ce. Na keji asalinsa daga Sifen da Fotugal yake, kuma ba shi da komai sai abin da hannunmu ya miƙa masa.

Abin da ke faruwa idan abinci ya yanke

Da zarar harza ta daina shiga, hanji sai ya rage motsi. Abin da ke cikin tumbi ya fara bushewa, ya cure da gashi ya zama dunƙule. A cikin jakar nan kuma, bakteriya masu amfani su yi rauni, masu cutarwa su samu fili su yawaita, suna fitar da iska da dafi. Iskar ta kumbura hanji, ciwo ya taso. Zomon da ke jin ciwo kuwa ba ya cin abinci. Kun ga an shiga da'ira: rashin ci ya kawo ciwo, ciwo ya ƙara hana ci. Shi ya sa za ku dawo daga tafiya ku tula masa ganye mai kyau, ya kalle shi ya kau da kai. Yunwar na nan, cikin ne ya riga ya tsaya.

Ana cikin haka jiki zai fara jawo kitsen da ya tara don ya samu ƙarfi. Kitsen ya yi wa hanta yawa, ta cika da shi har ta kasa aiki. Wannan na iya farawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Abin mamaki, zomo mai ƙiba, wanda za a ce ai yana da ajiya a jiki, shi ya fi saurin faɗawa wannan hali. Haka ma zomanya mai ciki, musamman a makon ƙarshe, da mai shayarwa.

Saboda haka likitocin dabbobi suka tsayar da ma'auni mai sauƙin riƙewa: zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, ko bai yi kashi ba, yana cikin hatsari, ba a jira gobe. Awa 12 fa, daga fitarku kasuwa da asuba zuwa dawowarku da magariba ke nan.

Yunwar da muka jawo da wadda ciwo ya jawo

Wani lokacin abincin ne babu. Ya ƙare, ko zomo ya kifar da kwano, ko ya yi fitsari a kan ciyawar ya ƙi ta, ko babban cikinsu ya hana ƙarami kusantar kwano. Wani lokacin kuma abinci na nan a gabansa, shi ne ya ƙi ci. Ƙarshen duka biyun ɗaya ne, amma na biyun sai an nemo dalilinsa.

Na farko a cikin dalilan shi ne ruwa. Akwai maganar da ke yawo cewa zomo ba ya shan ruwa, ganye ya ishe shi. Wallahi wannan magana ta kashe zomaye da yawa. Zomo na buƙatar mililita 50 zuwa 150 na ruwa ga kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo biyu zai iya shan rabin ledar fiya wata, mai shayarwa kuma ta ninka haka. Idan ruwa ya yanke, cikin kwana guda zai daina taɓa busasshen abinci.

Na biyu zafi. Zomo ba ya gumi kamar mu, ta kunnuwansa yake fitar da zafin jiki. Da zarar zafi ya haura digiri 30 cinsa ke raguwa. Ku tuna yadda Njamena da Garwa da Yamai suke a watan Afrilu, sannan ku tuna kejin da ke ƙarƙashin kwano, rana na dukan sa tun hantsi.

Na uku haƙori. Zomon da aka saba masa da dusa da burodi da ragowar shinkafa ba ya samun abin goge haƙora. Na gaba su yi zaƙo-zaƙo su karkace, turame su yi tsini suna yankar harshe da kumatu. Za ku ga ya zo wurin abinci da marmari, ya ɗauka ya yar, haɓarsa a jiƙe da yawu.

Sai tsoro da canjin wuri: kare ko kyanwa na zagaya keji cikin dare, ƙarar janareta, yaran baƙi na ta ɗaukar sa suna jan kunne, sabon gida, ko mutuwar abokin zamansa. Haka nan canja abinci farat ɗaya, da duk wani ciwo da ke ɓoye a jiki.

Alamomin da za a duba

Zomo abin farauta ne, a halittarsa ba ya nuna rauni, don wanda ya nuna shi ake fara kamawa. Ba zai yi kuka irin na akuya ya tashe ku ba. Don haka sai an duba da gangan, safe da yamma.

Ku fara da ƙarƙashin keji. Lafiyayyen kashi mulmulalle ne, girmansa ɗaya, idan an murƙushe shi sai ya watse kamar garin ciyawa. Idan ƙwayoyin sun ƙanƙance, sun yi baƙi da tauri, ko sun ragu, ko sun fito a jere gashi ya haɗe su kamar carbi, hanji ya fara ja da baya. Idan babu ko ɗaya tun safe, magana ta girma. Wanda ke share ƙarƙashin keji kullum shi ke gane na yau da na jiya.

Sannan ku dubi shi kansa. Ya takure wuri guda, baya a gantsare, ido a lumshe? Yana danna cikinsa a ƙasa, yana sauya kwanciya? Yana cizon haƙora da ƙarfi har ana ji? Ku miƙa masa abin da ya fi so, ganyen karas ko na dankali. Zomon da ya ƙi abin marmarinsa ba lafiya ba. Ku taɓa cikin a hankali: na lafiya laushi gare shi kamar ƙullin fulawa. Ku taɓa kunnuwa: zafin jikin zomo tsakanin digiri 38.5 ne zuwa 40, idan kunnuwa da ƙafafu sun yi sanyi ƙalau, jikin ya fara saki.

Matakin farko kafin likita

A nemi likitan dabbobi a ranar. Shi ne zai duba baki har turame, ya ƙara masa ruwa ta allura, ya ba da maganin ciwo da na motsa hanji. Tun zomo na lafiya ya kamata a samu lambar likitan da ke unguwa ko na ofishin kula da dabbobi, a ajiye ta a waya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ku gaya masa gaskiyar awa nawa zomon ya yi bai ci ba, da duk abin da aka ba shi.

Kafin a isa wurinsa, a mai da zomon wuri mai inuwa da shiru. Idan jikinsa ya yi sanyi, a naɗe shi da tawul, a ajiye gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma kusa da shi. A sa masa ruwa mai tsabta a buɗaɗɗen kwano, da ɗanyen ganyen da ya saba ci, a yayyafa wa ganyen ruwa. A bar shi ya ɗan taka a tsakar ɗaki idan yana iyawa, motsi na taimakon hanji.

Idan cikin da laushi, kuma yana iya haɗiya, ana iya ba shi ruwa da sirinji marar allura. Ana iya jiƙa abincin zomo na kamfani a ruwan ɗumi har ya yi kamar kunu, a ba shi. A zaunar da shi a kan ƙafafunsa, kada a kwantar da shi rigingine. A sa bakin sirinjin ta gefe, a giɓin da ke bayan haƙoran gaba, a matsa kamar mililita ɗaya, a jira ya tauna ya haɗiye, sannan a ƙara. Gaggawa na iya tura abin cikin huhu.

Amma fa a kula: idan cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, zomon ya yi laƙwas farat ɗaya, kada a ɗura masa komai. Mai yiwuwa wani abu ne ya toshe hanji, kuma tunda ba ya amai, duk abin da aka ƙara ƙara matsi yake yi. Wannan na iya kashewa cikin 'yan awoyi, sai likita kawai.

Akwai abubuwan da muka saba yi wa sauran dabbobi da ba a yi wa zomo. Ba a ɗura masa man ja ko man gyaɗa. Ba a buɗe kafson ampisilin ko amoksisilin a zuba masa a ruwa yadda ake yi wa kaji. Waɗannan, da linkomaisin da kilindamaisin, idan suka bi ta bakin zomo sukan kashe bakteriyan nan masu amfani, gudawa ta biyo baya, ya mutu. Ba a hana shi abinci don wai yana gudawa a bar cikin ya huta, a dai janye dusa da kayan zaƙi a bar masa busasshiyar ciyawa da ruwa. Ko tiyata za a yi masa, ba a sa shi kwana da yunwa yadda ake yi wa kare. Sannan idan kun dawo kun tarar ya wuni bai ci ba amma yana da kuzari, kada tausayi ya sa a cika masa kwano da masara ko burodi. Hanjin da ya yi rauni ba ya iya ɗaukar sitaci mai yawa. A fara da ruwa da ciyawa, sauran su biyo baya a hankali.

Abincin da ba ya yankewa

Rigakafin duk wannan abu ne mai arha: busasshiyar ciyawa, wato ingirici, a gabansa ko da yaushe. Ma'aunin shi ne tulin da ya kai girman jikinsa a kullum. Kyasuwa, harƙiya, burburwa, duk suna yi, haka ma ciyawar da ake samu a kudu idan an yanke ta an shanya. Harawar wake da ta gyaɗa na da kyau, sai dai a gauraya ta da ciyawa. Duk garin da ake sayar da raguna ana sayar da harawa, a tambaya a kasuwar dabbobi. A sa ta a raga ko kwando da aka ɗaure a jikin keji, don kada ya tattake ta ya ɓata.

Bayan wannan sai ɗanyen ganye safe da yamma: na dankalin Hausa, na karas, na gwanda, na zogale, ɗan kabeji kaɗan. Masu kayan miya a kasuwa na zubar da irin waɗannan kullum, a wanke a bari su sha iska a inuwa. Kada a bar ganye a cushe cikin buhu ya yi zafi ya fara ruɓa. A guji ciyawar bakin titi da ta gonar da aka yi wa feshi. Ganyen fiya guba ne ga zomo, a kuma nisanta shi da ganyen tumatir da na dankalin Turawa, da albasa, da ɗanyen ganyen rogo.

Dusa da abincin kamfani ƙari ne kawai. Ga babban zomon da ba ya ciki ko shayarwa, kamar giram 25 na abincin kamfani ga kowane kilo na nauyinsa ya isa a rana. 'Yan uwa na Duwala da Lome da Kwatano, ku lura da raɓa: dusa da harawa na saurin yin funfuna a bakin teku, kuma zomo na daga cikin dabbobin da dafin funfunar gyaɗa da masara ke saurin yi wa illa. Abin da ya canja wari ko launi a zubar. Duk sabon abinci kuma a shigo da shi kaɗan-kaɗan, cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Kafin a ja ƙofa

Idan wuni za a yi a kasuwa, a cika ragar ciyawa, a sa ruwa a mazubi biyu masu nauyi da ba za su kife ba, kasko ya fi roba. A duba inda rana za ta faɗo da azahar, don inuwar safe ba ita ce ta la'asar ba.

Idan kwana za a yi, ko da ɗaya ne, tilas a samu mutum. Tula abincin kwana uku ba ya maye gurbin ido: ganye zai ruɓe, ruwa zai ƙare, kuma babu mai ganin ranar da kashi ya tsaya. A samu babba mai hankali, maƙwabciya ko yaron shago da aka yarda da shi, a kawo shi gaban keji a nuna masa da hannu. "Maman Ladi, ga ciyawar nan a buhu, ga ma'aunin dusa, gwangwani ɗaya kawai. Don Allah safe da yamma ki leƙa ƙarƙashin kejin, in kin ga babu kashi ki kira ni ko da tsakar dare ne." A bar mata lambar likita da ɗan kuɗin mota. A dawo mata da tsaraba, don gobe ma rana ce. Sallahun "ku riƙa duba mana zomaye" da aka jefa wa gida gaba ɗaya, kowa zai zaci wani ya yi.

Zomo a mota

Mu fatake mukan ɗauko zomo daga gida mu kawo wa yara, ko mu kai wa dangi. Tafiyar da ke cin kwana biyu ko uku, ga tsaiko a kan iyaka, ta fi ƙarfin zomon da aka rufe a kwali ba komai. Idan ya zama dole, a samu kwando ko kwali mai ƙwari da huji ta ko'ina, a shimfiɗa ciyawa mai yawa da zai kwanta a kai ya kuma ci. A sa ganye mai ruwa da ya saba da shi. A riƙe shi a cikin mota kusa da ƙafa, kada a sa shi a but, ko a saman mota cikin kaya, ko kusa da inji. Duk inda aka tsaya salla ko cin abinci, a miƙa masa ruwa a inuwa. A ɗebo abincin da ya saba ci wanda zai kai shi mako guda a sabon wuri. Zomanya mai tsohon ciki kuwa a bar ta a gida. Gaskiya ma, idan ana samun zomo a garin da kuke, saya a nan ya fi.

Uwa da 'ya'yanta

A nan kuskuren juyawa yake yi. Zomanya na ɗaukar ciki kamar kwana 31, ta haifi 'ya'ya tsirara, ido a rufe har wajen kwana goma. Sau ɗaya ko biyu kawai take shayar da su a kwana guda, na 'yan mintoci, galibi cikin dare. Sai yara su ce ta ƙi 'ya'yanta, a kwashe su a fara ɗura musu madarar gwangwani, su mutu. A duba su da safe: idan cikinsu ya yi tulu-tulu, jikinsu da ɗumi, sun sha. Idan fatar ta yamutse, cikin ya lotsa, sannan ne akwai matsala. Uwar ce ke buƙatar ƙarin abinci da ruwan da ba ya yankewa. Kada kuma a sayi ɗan zomon da bai kai mako shida zuwa takwas ba, komai kyansa a hannun mai talla. Hanjinsa bai gama ƙwari ba, wuni guda a rana cikin kasuwa ya isa ya karya shi.

Na yaro ne, amma nauyin na babba ne

Yawancin zomayen gidajenmu da sunan yara aka saye su, kuma hakan na da kyau, yana koya musu ɗaukar nauyi. Sai dai yaro ɗan shekara takwas zai manta, zai makara, ƙwallo zai ɗauke masa hankali. A ba shi aikin, amma babba ya riƙa bin sawu. A haɗa ciyar da zomo da abin da ba a mantawa, kamar kafin karin kumallo da bayan magariba. A koya masa ya riƙa kawo rahoto: ya ci, ya sha, ya yi kashi. Dukkanmu mun ji a karatu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har yunwa ta kashe ta. Duk abin da muka rufe a keji, cinsa da shansa na wuyanmu.

Idan kuma aka duba aka ga gidan ba ya zama da mutum, tafiya ta yi yawa, babu wanda za a bar wa amana, babu laifi a haƙura da kiwon zomo har lokacin da hali ya yi, ko a ba wa wanda zai iya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake haɗa keji mai sanyi da katakon kwalin kaya da ragar waya, wanda ɓera da kyanwa ba sa shiga. Masu tambaya su aiko ta inda aka saba. Allah ya ba da kasuwa, ya kai matafiya gida lafiya.